Yunwar Surukina a Filin Jirgi

Shekara goma sha shida ina auren ƴarsa, ban taɓa ganin surukina yana tauna ko da goro ba, shi ma bai taɓa ganin loma ta shiga bakina ba. Haka abin yake a wajenmu, kuma ban taɓa zama na yi tunani a kansa ba. In na je gaisuwa ƙauyensu, can gefen Babankatami, a zauren ƙaninsa ake kai mini fura. In shi ya zo Madawa cin kasuwa ya biyo ta gidana, matata ta shimfiɗa masa tabarma a ɗakin baƙi, ni kuwa nan take in tuna da wani aiki na gaggawa a bakin titi, in je in yi ta zaman banza a teburin mai shayi har ta kira ni a waya ta ce in dawo. Ba wanda ya taɓa zaunar da mu ya ce mu yi haka. Kunya ce ta surukuta, kuma har gobe ina ganin girmanta.

Abin dariyar shi ne, ni ke yi masa allura. Ni majo ne a asibitin mishan, wato babban ma'aikacin jinya na sashenmu, kuma tun da ciwon sukari ya kama shi a hannuna yake. Ya yarda in ɗaga masa riga, in matsa fatar cikinsa, in duba tsakanin yatsun ƙafarsa, in tambaye shi sau nawa yake zagawa fitsari. Duk wannan aikin likita ne, ba kunya a ciki. Amma in ga haɓarsa tana motsi, wannan kam a'a.

A asibiti an san ni da faɗa, ba na musu. Mai ciwon sukari ya zo ya ce mini ya yi allura ya wuce gona bai karya ba, to ranar har masu jira a baranda sai sun ji muryata. Maganata kullum ɗaya ce: wanda ya yi allura bai ci ba, sukarin jininsa zai yi ƙasa, ya yi gumi, jikinsa ya ɗauki rawa, ya fara magana ba kan gado, in ba a kai gare shi da wuri ba ya sume, wani ma ba ya tashi. Na ga waɗanda aka kwaso daga gona a kan amalanke saboda haka. Na faɗi wannan ne don a san abin da ya faru ba rashin sani ya jawo shi ba.

Ciwon ya taɓa masa ido, can bayan ƙwayar, irin aikin da ba a yi a wajenmu. Babban ɗansa, wan matata, ya daɗe a Faransa, shi ya nemo likitan ya aiko da takardu da kuɗin hanya. Tsohon ya ce ba inda za shi sai hatsi ya shiga rumbu, dole aka jira shi har ya ɗaure damin ƙarshe. Da aka zo maganar ɗan rakiya ba a ja ta da nisa ba. Ni ke jin Faransanci, ni na san allurarsa, matata kuma tana goyo. Na ji daɗi ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Ban taɓa hawa jirgin sama ba, har sababbin kaya na ɗinka kala biyu.

Daga Madawa zuwa Yamai komai ya tafi daidai, shi ya sa ban farga ba. A cikin kar ɗin, wato babbar motar fasinja, kujerarsa tana gaba, tawa tana can baya. Da aka tsaya cin abinci a hanya ya zaga bayan masallacin tasha da ƴar gorarsa ta fura, ni na zaga ɗaya gefen na sayi tsire. A Yamai gidan wani ɗan'uwansu muka sauka, shi a ɗaki, ni a zaure. Kowa ya ci ya ƙoshi ba a idon ɗan'uwansa ba, yadda muka saba.

Kuskuren farko a filin jirgin Yamai na yi shi, da bakina, da Faransancina mai kyau. Na ce wa matar da ke ba da lambar kujera ta haɗa mu wuri ɗaya, majinyaci ne, ni ke kula da shi. Ta haɗa mu kafaɗa da kafaɗa, shi a jikin taga, ni a tsakiya. Har godiya na yi mata.

Jirgin asuba ne. Gari ya waye muna sama, na hango ma'aikatan sun turo keken abinci daga gaba, ƙanshin burodi da kofi ya cika wurin. Na auna a raina cewa kafin su iso layinmu bai fi minti goma ba, lokacin ke nan da ya dace. Na ce, "Baba, lokacin pikir ya yi." Ya naɗe hannun riga ba gardama, na yi masa allurar. Wannan shi ne kuskure na biyu, kuma ya fi na farko muni nesa ba kusa ba.

Ma'aikaciyar ta iso ta miƙo masa tire. Ya ɗaga hannu, ya yi ɗan murmushinsa na dattijo, ya ce, "Alhamdu lillahi, ƙoshe nike." Ba ta ji Hausa ba, amma ta gane hannun. A nan ne na tuna wane ne ni a wurinsa. Na ce mata ta ajiye masa duk da haka.

"Baba, ka ɗan taɓa, sabadda pikir."

"Ba ni jin yunwa, Majo."

Haka yake kirana, bai taɓa kama sunana ba. Ya juya yana kallon gajimare da idonsa mai ɗan gani. Na tashi na ce zan zaga, na tsallake mutumin da ke gefena, na je can bayan jirgi na tsaya bakin banɗaki kusan minti ashirin, har wata ma'aikaciya ta tambaye ni ko lafiya. Da na dawo na tarar da tiren yadda na bar shi, ko ledar cokalin ba a yaga ba. Yaya zai fara ci bai san lokacin da zan faɗo masa ba? Nawa tiren ma haka ya koma, don ban ga yadda zan buɗe baki in tauna a kunnensa ba.

Kullum ina tafe da ƙwayoyin sukari a aljihu. Na ba shi uku na ce magani ne. Magani kam ya karɓa, ya juya fuska jikin taga ya tsotse su. Sun ɗan ba mu lokaci, amma irin allurar da nake masa mai dogon aiki ce, tana ja tun safe har yamma. Sukari uku a gabanta kamar a zuba wa busasshiyar gona ruwan buta ne. Abinci take so, mai nauyi, wanda zai zauna a ciki.

Da hantsi muka sauka Kasablanka, inda za mu canza jirgi, kuma na biyun sai bayan la'asar. Wuri ne mai tsawo, gilashi ko'ina, kujerun ƙarfe a haɗe da juna layi-layi, mutane na ta kwarara da jakunkuna masu taya, ba mai gaida wani. Na samar mana kujera, na fito da ƴar na'urar gwajin sukari, na huda masa yatsa. Lambar da na gani ba ta yi mini daɗi ba. Ba ta kai ta haɗari ba tukuna, amma hanyar can ta nufa.

Na ce to, ai da sauƙi, fili ga shi nan ba iyaka. Na sayo burodi mai kaza a ciki da gorar ruwa, na ajiye a gefensa kamar ban san na ajiye ba, na ce zan je in nemo ƙofar jirginmu. Ban yi taku goma ba na ji ƙarar takalminsa a bayana.

"Baba, ka zamna, yanzu ni dawo."

"Mutanen gidanka sun ce kar in rabu da kai ko taki guda. Wurin ga kowa kama da kowa."

Mutanen gidana, wato ƴarsa. Kuma gaskiyarsa ce, da idon nan nasa in na yi nisa na zama inuwa cikin inuwoyi. Na mayar da shi na zaunar, na nuna masa wani kantin turare da ke daura da mu, na ce a can zan tsaya inda zai riƙa hango farar hulata. Na je na tsaya na ba shi baya. Minti goma sha biyar ina kallon kwalaben turaren da ba zan saya ba, mai kantin tana kallona. Da na waiwaya, burodin yana kan cinyarsa, ya ɗora hannu biyu a kai kamar mai tsaron ajiya.

"Majo," ya ce da na dawo, "nan hwa kasuwa ta. Tun da nike ban taɓa cin cimaka bisa hanya ba, mutane na wucewa. Bari mu kai."

Mu kai ina? Faransa? Da dare? Raina ya ɓaci, ɓacin da na daɗe ban yi irinsa ba. Da a asibiti ne, da wani tsohon ne daga Urno ko Buza, da na wanke shi tas, na sa an kawo kunu na tsaya a kansa sai ya shanye. Maganganu suka taru a bakina, na ji su har a haƙorana. Abin da ya fito shi ne, "To, Baba."

Ban daɗe da zama ba na ga gumi ya tsattsafo masa a goshi, a wurin da sanyin na'ura ya sa ni kaina na rufe wuyan riga. Tasbahar da ke hannunsa tana ɗan kaɗawa ba da son ransa ba. Ya tambaye ni ko an rufe bakin rumbun dawa, na ce an rufe. Jim kaɗan ya sake tambayata, da kalmomin nan dai. Na ruga na sayo ruwan lemo na kwali, na ce wannan ma magani ne, likita ya ce. Ya rufe fuska da hannun riga ya sha rabi. Gumin ya ɗan tsaya, amma na san awa ɗaya ce kawai na samu, ko ƙasa da haka. Tsoro ya kama ni sosai. Na ga kaina ina kiran ɗansa da ke jiranmu a Faransa ina ce masa mahaifinsa ya sume a hannun majo, da burodi a cinyarsa.

Akwai intanet kyauta a filin. Na matsa gefe kaɗan na aika wa matata saƙon murya, ina magana ƙasa-ƙasa da sauri. Ba ta ɓata lokaci ba ta amso, jaririyarmu na kuka a bayanta.

"Kai ma ka sani. Baba ko mutuwa za shi yi ba shi ci gabanka. Ka samo mishi ɗaki, don Allah ka samo mishi ɗaki."

Ɗaki a filin jirgi! Na kusa amsa mata da cewa bari in gina. Sai na tuna da abokin aikina mai kula da kantin magani na asibitinmu, dattijon coci ne, ya taɓa fita taron cocinsu ƙasar waje sau biyu, kuma tun daga nan ba a raba shi da labarin jirgi. Kullum muna yi masa tsiya a kai. Na kira shi, ya saurare ni har ƙarshe bai yi dariya ba, Allah ya saka masa.

"Nemi salon," ya ce. "Ɗaga kai ka bi allo, ka gan shi. Ɗakin hutu na."

"Wancan na ministoci?"

"Wa ya ce ma na ministoci ɗai na? Akwai wanda kowa ab biya shi shiga, awa ukku. Da cimaka, da kujeru, da ƙohwa. Tashi maza."

Na riga na ga allon tun saukarmu, da hoton kujera da kofi, na kawar da kai don na ɗauka ba irinmu ake nufi ba. Na kama hannun tsohon, abin da ban taɓa yi ba in ba wajen aiki ba, muka hau bene a hankali. A ƙarshen wani lungu ga ƙofar gilashi mai buɗe kanta, a bayanta tebur da wata budurwa mai kayan aiki. Na tambaya a ɗarare ko mai tikitin kujerun baya zai iya shiga. Ta ce sosai ma, in ya biya. Da ta faɗi kuɗin na juya shi zuwa sefa a kaina, na ga kusan buhun hatsi a kan kowannenmu. Ni da nake ciniki a kan albasar miya, nan take na biya na mutum biyu.

Ciki shiru, ƙasa shimfiɗe da kafet, kujeru masu laushi nan da can, mutane kaɗan kowa da abin da ya dame shi. A gefe guda dogon tebur: tukwanen ƙarfe a rufe, burodi iri-iri, dafaffen ƙwai, dabino, ƴaƴan itace, butocin shayi. Na yi ajiyar zuciya, na ce a raina shi ke nan an gama. Ashe da saura.

Tsohon ya tsaya a bakin kafet ɗin ya tuɓe takalmansa, ya jera su a jikin bango, ya yi sallama da ƙarfi. Wani mai kwat ya ɗago kai daga wayarsa ya mayar. Ya sake yin sallama, ba wanda ya amsa.

"Majo, wanga gidan wa na?"

"Ba gidan kowa ba na, Baba. Biya munka yi."

"To ina mai gidan? Ba mu gaisa ba."

"Babu mai gida. Kowa shi ɗiba da kainai."

Ya dubi teburin. Daidai lokacin wani ƙato mai furfura a gemu ya je ya ɗaga murfin tukunya, ya leƙa, ya rufe, ya ɗaga na gaba, ya zuba wa kansa. Surukina ya kawar da kai kamar ya ga abin da bai kamata ba. A ƙauyensu namiji ba ya buɗe tukunya, baƙo kuma ba ya miƙa hannu ga abincin da mai shi bai ce masa bismilla ba. Ya zauna a bakin kujera, bayansa a miƙe, ya ce, "Cimaka babu mai ita."

Na je da kaina na cika faranti, miyar wake da burodi da ƙwai biyu, na kawo na ajiye a gabansa. Na ja da baya taku biyu na tsaya, hannuwa a baya, yadda nake tsayawa a kan majinyaci in ga ya haɗiye magani. Ya dubi farantin, ya dubi ƙafafuna, ya ci gaba da jan tasbaha. Sai a sannan abin ya faɗo mini. Na biya kuɗi mai yawa na samo masa ɗaki, sannan na biya wani kuɗin na shigo masa da abin da ke hana shi ci. Ban taɓa jin na zama wawa irin na wannan lokacin ba.

Akwai wata mata da ke kwashe kofuna, ba yarinya ba, za ta yi sa'ar babbar yayata, da ɗankwali da rigar aiki. Na tare ta na fara bayani, Faransancin nan nawa da nake taƙama da shi ya watse, ina haɗa allura da kunya da rumbun dawa. Ta ajiye tirenta ta saurare ni. Ta tambaya, "Mahaifin matarka ne?" Na ce e. Ta leƙa shi, ta ga takalman da ke jikin bango, ta gyaɗa kai. Ta ce kakarta ma a ƙauyensu ba ta taɓa ci a gaban mijin ƴarta ba, in bar mata aikin.

Ta ɗauke farantin da na zuba ta shige da shi ciki. Ta dawo ta ja wata kujera zuwa lungu, bayan wani allon katako mai ado, ta juya ta tana fuskantar taga, ta sa ɗan tebur. Ta sake shiga ta fito da tire riƙe da hannu biyu, an kife wani faranti a kan abincin, ga kwanon ruwan wanke hannu da ɗan tawul. Ta zo gabansa ta ɗan rusuna, ta dafa ƙirji ta ce, "Marhaban, ya Hajji. Bismilla."

Bai je Makka ba, amma bai gyara mata ba. Fuskarsa ta saki. Ya shiga gaishe ta da Hausa tiryan-tiryan, ina gajiya, ina gida, ina ɗiya, ina aiki, ita kuma tana amsawa da Larabcinsu, ba mai jin wani, gaisuwar kuma ta tafi lafiya lau har ƙarshe.

"Ita ta uwar gidan?" ya tambaye ni.

"Ita ta, Baba."

Ya tashi ya bi ta zuwa lungun. Na bi shi na durƙusa daga gefe, na ce, "Baba, ɗakin ga ƙohwa guda gare shi. Ni ina waje bakinta, zamne. Ba ka ɓacewa, ba ni ɓacewa." Ya juya ya auna ƙofar da ido, ya daɗe, sannan ya ce, "To. Allah shi yi ma albarka." Na koma wajen matar na gaya mata alamun da za ta lura da su, gumi, rawar hannu, magana ba daidai ba, na ce in ta ga ɗaya ta ɗura masa lemo ta kira ni da gudu. Na kwashi jakunkunanmu na fita. Budurwar da ke teburin shiga ta ce, "Ka biya awa uku fa, malam." Na ce na sani, a waje nake son zama. Ta dube ni irin duban da nake wa majinyacin da ya ce ya warke ran da aka kwantar da shi.

Akwai bencin ƙarfe a lungun, daura da ƙofar. Na zauna na ba gilashin baya. Duk abin da aka koya mini tun ina ɗalibin jinya shi ne kada ka ɗauke ido daga majinyacin da sukarinsa ke sauka, ga shi yau ɗauke idon shi ne aikin. Wuyana ya yi ta son juyawa, na yi ta hana shi. Duk lokacin da ƙofar ta buɗe sai in zabura, in ga wani ne da jakarsa ya wuce. Na karanta duk addu'ar da na iya, na koma na sake daga farko. Na yi wa kaina faɗan da na saba yi wa mutane, kalma da kalma, kuma na ji yadda yake da zafi.

Ban san minti nawa ba, ƙofar ta buɗe, matar ta leƙo. Na miƙe har jaka ta faɗi. Ta kai hannu baki sau biyu tana murmushi, ta ce ya gama miyar, ya nuna mata kwandon burodi da yatsa a ƙaro masa, yanzu ta kai masa shinkafa da kaza. Na koma na zauna. Na yi mata godiya, ta koma ciki. Na rufe fuska da hula na ɗan jima a haka, ban damu da masu wucewa ba. Sannan na aika wa matata kalma biyu: yana ci.

Ya fi rabin awa kafin ya fito. Na ji ƙofar, na ji takalmansa, sannan na juya. Tafiyarsa ta koma tasa, goshinsa a bushe, yana ƙanshin sabulun wanke hannu. Ya zauna a ɗaya ƙarshen bencin ya miƙo mini yatsa da kansa. Na huda, na jira na'urar. Lambar ta hau inda nake so, har da ɗan ƙari. Daɗin da na ji ba ya faɗuwa, sai na shiga ninke audugar da na goge masa yatsa kamar wani muhimmin aiki.

"Lahiya lau, Baba," na ce. "Ya yi daidai."

"Alhamdu lillahi. Mutanen kirki na, gidan ga." Ya jawo jakunkunan ya tara su tsakanin ƙafafunsa. "To, tashi ka shiga."

"Ni ƙoshe nike, Baba."

"Majo. Tun Yamai ba ka sa komi bakinka ba. Idona na ad da ciwo, kunnena lahiya lau shike, tun cikin jirgi nike jin cikinka. Na nuna ma uwar gidan, ta aje ma naka. Ni ka tsaron kaya."

Kunya ta rufe ni. Na tashi. Da na kai ƙofar ta buɗe kanta na waiwaya in ce masa ba zan daɗe ba, na tarar ya riga ya gyara zama, ya ba gilashin baya.